Darasi: Abin da Ke Riƙe Nas a Bakin Aikinta

Manufar darasi: Mu gane yadda ra'ayin da nas take da shi game da kanta yake shafar jin daɗin aikinta da zamanta a wurin aiki, sa'an nan mu ga abin da yake hannunmu, mu mutanen gari, a cikin wannan al'amari.

GABATARWA

A garuruwa da yawa jama'a sun yi aikin gayya sun gina ɗakin shan magani. Sun buga tubali, sun tara kuɗin kwano, sun haƙa masai a baya. Ginin yana nan, amma a wurare da dama ƙofarsa a kulle take, gama nas ɗin da aka turo ta nemi canji bayan shekara ɗaya, ba a kuwa sami wata ba. Sa'ad da haka ta faru, mace mai naƙuda sai a ɗora ta a babur a nufi birni cikin dare. Awon ciki ya tsaya, allurar rigakafin yara ta tsaya, mai ciwo kuma ya koma wurin mai sayar da ƙwayoyi a kasuwa.

In muka tambayi mutane abin da ya kori nas, yawanci amsa ɗaya ce: kuɗi. Akwai gaskiya a ciki, za mu kuwa zo kanta. Amma masu bincike sun gano wani dalili da ba a cika magana a kansa ba, watau yadda nas take ganin kanta a cikin aikinta. Wannan shi ne kan darasinmu.

A cikin darasin za mu riƙa cewa "ita", domin mafi yawan ma'aikatan jinya na duniya mata ne. Amma maganar ta shafi nas namiji, ta shafi ungozoma, ta kuma shafi malamin lafiya na karkara, wanda shi ne yake riƙe da ɗakunan shan magani masu yawa a ƙasarmu.

1. GIRMAN MATSALAR

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2025 inda ta ce a shekarar 2023 akwai ma'aikatan jinya kusan miliyan 29.8 a duniya, duk da haka akwai giɓin kusan miliyan 5.8. Giɓin nan bai rabu daidai ba. Ƙasashe marasa ƙarfi su ne suka fi ɗaukar nauyinsa, a cikin kowace ƙasa kuma karkara ce ta fi shan wuya. Tun a 2010 hukumar ta nuna cewa kusan rabin mutanen duniya a karkara suke zaune, amma kashi 38 cikin 100 ne kawai na nas-nas suke aiki a can.

A Nijeriya, magatakardan hukumar da ke yi wa nas-nas da ungozomomi rajista ya bayyana a watan Fabrairu 2024 cewa nas 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara 3, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Sa'ad da nas ta bar babban asibitin birni ta tafi Ingila, sai wata daga ƙaramin asibiti ta nemi gurbinta, ta ƙauye kuma ta nemi gurbin wannan. Ta haka giɓin da aka yi a birni yake gangarowa har ya tsaya a ƙofar ɗakin shan maganinmu.

Horar da nas ɗaya yana cin shekara 3 a makarantar koyon jinya, ko shekara 5 a jami'a. In muna horarwa suna tafiya, mun zama kamar mai ɗiban ruwa da tulun da ya huje. Saboda haka riƙe waɗanda muke da su yana da muhimmanci kamar horar da sababbi.

2. MENE NE GANIN KAI?

Kowane mutum yana ɗauke da wani hoto na kansa a cikin zuciyarsa. Manomi ya san ko shi gwani ne a noman rani ko a'a. Maƙeri ya san ko garmar da ya ƙera za ta yi damina biyar. Wannan hoto shi muke kira ganin kai, watau amsar da mutum yake ba zuciyarsa in ta tambaye shi, "Wane ne ni a wannan aiki, na kuwa iya shi?"

Kada mu haɗa wannan da girman kai. Mai girman kai yana raina mutane domin ya ga kansa a sama. Mai kyakkyawan ganin kai kuwa ya san abin da ya iya, ya san abin da bai iya ba, ba ya kuma jin kunyar tambaya. Sau da yawa ma nas mai tsawa da hantarar marasa lafiya ita ce wadda a cikin zuciyarta take jin ba a ɗauke ta a bakin kome ba.

Masana halin ɗan Adam sun nuna cewa ganin kai yana da rassa. Yaro yana iya ganin kansa gwani a lissafi, amma ya ga kansa rago a ƙwallo. Haka yake ga nas. Wata malamar jinya a ƙasar Ostareliya, Leanne Cowin, ta tsara takardar tambayoyi 36 domin auna wannan, ta buga bayaninta a 2001. Ta kasa ganin kan nas kashi 6:

(a) Gaba ɗaya: ko tana farin ciki da kasancewarta nas, tana kuma alfahari da aikin.
(b) Kulawa: ko tana ganin ta iya kula da mara lafiya da tausayi.
(c) Ilimi: ko tana ganin ta san aikinta, tana kuma iya koyon sabon abu.
(d) Magana: ko ta iya yi wa mara lafiya da danginsa bayani har su gane.
(e) Zama da abokan aiki: ko tana jin ita ɗaya ce daga cikinsu, ana kuma karɓarta.
(f) Jagoranci: ko tana ganin za ta iya bi da waɗansu, ta ɗauki nauyin yanke shawara.

Amfanin wannan kashi shi ne yana nuna mana inda rauni yake. A ce wata sabuwar nas ta fito daga makaranta da ilimi mai kyau, amma aka kai ta garin da ba ta jin harshensu. Reshen iliminta yana da ƙarfi, reshen magana kuwa yana bushewa kowace rana. A ce kuma wata ta shekara 15 a ƙauye, kowa ya san ta, kowa yana sonta, amma ba a taɓa kiranta kwas ba. Ita kuwa za ta fara ganin an bar ta a baya. Maganin ta fari dabam, maganin ta biyu dabam.

3. ABIN DA BINCIKE YA NUNA

Cowin da abokan aikinta uku suka yi bincike a kan nas-nas masu rajista a jihar da birnin Sidni yake, suka buga sakamakon a 2008. Sun auna abu uku: yadda nas take ganin kanta, yadda take jin daɗin aikinta, da kuma niyyarta ta ci gaba da aikin jinya ko ta bari. Wajen auna jin daɗin aiki sun duba albashi, da 'yancin yanke shawara, da irin ayyukan da ake sa ta, da dokokin wurin aiki, da darajar sana'ar, da zaman tare da abokan aiki.

Ga abin da suka samu. Ganin kai da jin daɗin aiki duka biyu suna da dangantaka da niyyar zama, amma dangantakar ganin kai ta fi ƙarfi. A cikin rassa 6 kuwa, reshe na fari, watau ko nas tana alfahari da kasancewarta nas, shi ne ya fi manne da niyyar zama. A ɓangaren jin daɗin aiki, darajar da nas take ganin sana'arta tana da ita ce ta fi tasiri, sai dokokin wurin aiki. Albashi bai nuna wata dangantaka mai ƙarfi da niyyar zama ba a wannan bincike.

Ya kamata mu lura da abu biyu. Na fari, abin da aka auna niyya ce, watau abin da nas ta ce za ta yi. Niyya takan riga tafiya, amma aure ko rashin lafiyar iyaye ko rashin tsaro suna iya tashin wadda ta yi niyyar zama. Na biyu, an yi binciken a ƙasar da albashin nas yake isarta, yake kuma zuwa a kan kari. Wannan ya kai mu ga maganar kuɗi.

4. TO, ALBASHI FA?

Kada wani shugaba ya karanta abin da ke sama ya ce, "Ashe yabo ya isa, ba sai an biya ba." Wannan karatun son zuciya ne. Yabo ba ya sayen mudun masara.

Wani masani a Amurka, Frederick Herzberg, ya yi bayanin da zai taimake mu. A 1959 shi da abokansa suka buga binciken da suka yi a kan injiniyoyi da akantoci kusan 200. Sun ga cewa abubuwan da ke ɓata wa ma'aikaci rai iri ɗaya ne, abubuwan da ke sa shi son aiki kuma wani iri ne. Ƙarancin albashi, da mugun wurin aiki, da shugaba mai takurawa, da dokoki marasa kan gado, su ne masu ɓata rai. In an gyara su, ƙorafi yakan ragu. Amma son aiki yana fitowa daga ganin an cim ma wani abu, da yabo a kan aikin da aka yi, da danƙa wa mutum amana, da samun ci gaba.

Manomi zai gane wannan da sauri. Noman firi da maimai suna kawar da ciyawa, taki kuwa shi ke ciyar da shuka. Wanda ya nome gona tas bai sa taki ba, zai sami gona mai tsabta da ƙaramin zangarniya. Wanda ya zuba taki bai yi noma ba, ciyawa ya ciyar. Albashi da gida da tsaro su ne noma; daraja da amana da ƙarin ilimi su ne taki. Gona tana bukatar duka biyu.

Akwai kuma wani abu. A wurinmu albashi kansa saƙo ne. Nas da ta yi wata 3 ba a biya ta ba, har tana cin bashi wurin mai shago wanda jiya ta yi wa ɗansa allura, an riga an faɗa mata matsayinta ba tare da an buɗe baki ba. Sa'ad da ƙungiyar nas-nas da ungozomomi ta Nijeriya ta shiga yajin aikin gargaɗi a ƙarshen Yuli 2025, bukatunsu sun haɗa da alawus, da ɗaukar ƙarin ma'aikata, da kuma a kafa sashen jinya mai zaman kansa a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Bukata ta ƙarshen nan maganar daraja ce da samun murya a wurin yanke shawara.

5. DAGA INA GANIN KAI YAKE FITOWA?

Ba a haifi kowa da ganin kansa a matsayin nas ba. Abu ne da ake ginawa, ana kuma iya rushe shi. Tun a 1902 wani masani, Charles Cooley, ya kwatanta mutanen da ke kewaye da mu da madubi: muna duban yadda suke ɗaukarmu, daga nan muke gane ko mu su wane ne. Bari mu duba abubuwa 5 da ke gina ko rushe ganin kan nas.

Na ɗaya, mutanen gari. In ta shiga kasuwa ana gaishe ta, in an yi suna ana kai mata goro, in mai gari ya kira taro a kan kwalara ya ba ta wuri ta yi magana, to madubin yana nuna mata mutum mai amfani. Amma in ana kiranta 'yar aiken likita, ko ana yi mata zargin lalata domin tana kwana a asibiti, ko in mara lafiya ya rasu dangi su taso mata da zagi ko da an kawo shi a makare, sai ta fara tambayar kanta abin da ya kawo ta.

Na biyu, shugabanni da likitoci. Nas ce take kwana da mara lafiya, ita ce take fara ganin numfashinsa ya canja. In ta faɗa aka saurare ta, iliminta ya sami gindin zama. In aka yi mata tsawa a gaban marasa lafiya, gobe za ta ga alama ta yi shiru, shirun nan kuwa yana iya cin rai. Haka kuma mai duba aiki wanda ba ya zuwa sai domin neman laifi a littafin rajista, ya tafi bai tambayi abin da ke damunta ba.

Na uku, kayan aiki. Ba wanda zai ga kansa gwani in kullum aikinsa yana lalacewa a hannunsa. Ungozoma ta san maganin da ke tsai da zubar jini bayan haihuwa, amma babu shi a kabad, ko kuwa firji ya mutu maganin ya lalace. Ta san ya kamata ta wanke hannu, amma babu ruwa. Tana karɓar haihuwa da tocilan wayarta a baki. Ran da aka rasa uwa a hannunta, ko da laifin ba nata ba ne, zuciyarta za ta ɗora mata. In haka ta yi ta faruwa, reshen kulawa da na ilimi sai su karye.

Na huɗu, yawan aiki. A 2002 Linda Aiken da abokan aikinta suka buga bincike a kan asibitoci 168 a wata jihar Amurka, da nas fiye da 10,000. Sun ga cewa duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas a kan waɗanda take kula da su, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100, haɗarin nas ta ƙosa da aiki yana ƙaruwa da kashi 23, haɗarin ta daina jin daɗin aikin kuma da kashi 15. Ashe nauyin da ke gajiyar da nas shi ne kuma yake cutar mara lafiya. Sai mu tuna da wadda ita kaɗai ce a ɗakin shan magani, dare da rana, ba mai canjinta.

Na biyar, shekarar fari. A 1974 wata malamar jinya, Marlene Kramer, ta rubuta littafi a kan firgicin da sababbin nas-nas suke shiga sa'ad da suka ga aikin gaske ya sha bamban da abin da aka koya musu a aji. A wannan lokaci ganin kan nas ɗanye ne, kamar dashen da aka ciro daga gandun reno. In ta sami babbar nas da za ta tsaya kusa da ita, ta nuna mata, ta gyara mata kuskure a asirce, saiwa za ta kama. In aka jefa ta ita kaɗai a wuri mai nisa, da wuya ta kai damina ta biyu.

6. ASIBITOCIN DA BA A GUDUNSU

A farkon shekarun 1980 an yi ƙarancin nas-nas a Amurka. Amma aka lura akwai waɗansu asibitoci da ba su rasa ma'aikata ba, nas-nas ma nemansu suke yi. Cibiyar masanan jinya ta ƙasar ta bincika, ta fitar da rahoto a 1983 a kan asibitoci 41 da aka yi wa laƙabi da asibitocin maganaɗisu, domin suna jawo ma'aikata suna kuma riƙe su. Abubuwan da aka tarar a cikinsu sun haɗa da waɗannan: shugabar nas-nas tana da murya a wurin gudanar da asibiti, ana barin nas ta yanke shawara a kan abin da ya shafi aikinta, akwai girmama juna tsakanin likita da nas, akwai kuma hanyar ƙaro ilimi.

Shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2010, ta kuma sabunta a 2021, a kan riƙe ma'aikatan lafiya a karkara sun bi wannan hanya. Bayan maganar alawus, sun ambaci ɗaukar ɗalibai 'yan asalin karkara, da gyara wurin zama, da tsaro a wurin aiki, da hanyar ƙarin girma ba sai an koma birni ba, da haɗa ma'aikatan da ke nesa da 'yan'uwansu na sana'a, da kuma karrama su a bainar jama'a. Mu lura cewa da yawa daga cikin waɗannan ba sa bukatar kuɗi mai yawa.

7. ABIN DA ZA MU IYA YI

Albashin ma'aikacin gwamnati ba a hannun mutanen gari yake ba. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, akwai kuwa ɓangaren da yake namu.

Ga kwamitin lafiya na gari da masu unguwanni:
Ku karɓi sabuwar nas kamar baƙuwar kirki. A kai ta ta gai da mai gari, a gabatar da ita ga shugabannin mata da na addini. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma a nema mata ɗaki mai ƙofa da makulli, kusa da ruwa. In ba ta jin harshen gari, a haɗa ta da wata mata mai hankali da za ta yi mata tafinta. A sa maigadi, ko matasa su yi karɓa-karɓa, domin kada ta ji tsoron buɗe ƙofa da dare. A ba ta kujera a taron kwamiti, a kuma nemi shawararta kafin a yanke magana a kan lafiya. In akwai ƙorafi a kanta, a kawo shi gaban kwamiti a ji ta bakinta. Kada a bar shi ya zama hirar bakin rijiya. In albashinta ya makale ko magani ya ƙare, kwamiti ya rubuta takarda, dattawa su kai da kansu ofishin lafiya na ƙaramar hukuma.

Ga masu kula da asibitoci da masu duba aiki:
Ku biya a kan kari. Ku yi gyara a ɗaki, yabo kuwa a fili, gama yabon gwani ya zama dole. Yabon ya kasance a kan abu takamaimai. "Sista, yadda kika gane alamar jijjiga kika tura matar nan da wuri ya ceci ranta" ya fi "sannu da ƙoƙari" amfani, domin yana nuna mata abin da ta iya. Ku raba zuwa kwas da adalci, kada ya zama kullum na kusa da ofis ne suke tafiya. Ku haɗa kowace sabuwar nas da babba, ko da ta waya ce. Ku tabbata tana samun ranar hutu.

Ga iyaye da magidanta:
Nas da ta fi daɗewa a ƙauye yawanci 'yar ƙauyen ce. Daga 2012 wani shiri da gwamnatin Birtaniya ta tallafa ya yi aiki na wasu shekaru a jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, inda jama'a suke zaɓen 'yan mata da matan aure daga garuruwansu, a ba su karatun share fage domin su sami shiga makarantun jinya da ungozoma, su dawo su yi wa mutanensu aiki. Uban da yake so mace ce ta karɓi haihuwar matarsa, ya kamata ya yarda 'yarsa ta gama sakandare. Miji kuma da matarsa take aikin dare, goyon bayansa yana cikin abin da ke riƙe ta.

Ga nas kanta:
'Yar'uwa, ba dukan madubi ne yake faɗin gaskiya ba. Ki riƙe littafi ki riƙa rubuta yawan haihuwar da kika karɓa lafiya da yaran da kika yi wa rigakafi, domin ranar da zuciya ta karaya ki ga aikin hannunki da idonki. Ki nemi 'yan'uwanki na sana'a ku riƙa tattaunawa. Ki ci gaba da karatu. Ki kuma tuna cewa ke ma madubi ce ga ɗalibar da aka turo miki da mai sharar asibiti. Yadda kika yi wa tsoho magana, kika ce "Baba, sannu, zauna a nan," shi ne zai koma gida ya faɗa, daga nan gari yake yanke hukunci a kan sana'arku duka.

TAƘAITAWA

Nas takan zauna inda take ganin ita nas ce ta gaske: ta iya aikinta, tana da abin yin aikin, ana jin maganarta, ana kuma biyanta hakkinta. Wannan ganin kai ana gina shi kowace rana a ɗakin shan magani, da ofis, da kasuwa. Gwamnati tana da nata kason, masu asibiti suna da nasu, mu ma muna da namu.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Ma'aikatan lafiya nawa aka turo garinmu cikin shekara 5 da suka wuce? Nawa ne suka zauna? Waɗanda suka tafi, an tambaye su dalili?
2. Mene ne bambanci tsakanin girman kai da kyakkyawan ganin kai? Ku ba da misali daga wata sana'a da kuka sani.
3. A cikin rassa 6 da muka lissafta, wanne ne mutanen gari suka fi iya ƙarfafawa? Ta yaya?
4. A ɗakin shan maganinmu, mene ne "ciyawa", mene ne kuma "taki" da ya rage a sa?
5. Waɗanne kalmomi ne ake faɗa a garinmu game da mata masu aikin asibiti? Za mu so a faɗe su a kan 'ya'yanmu?

AIKIN DA ZA A YI

Kafin taro na gaba, mutum 3 daga cikin ƙungiya, a cikinsu har da mace, su ziyarci nas ko malamin lafiya na garinku a lokacin da ba layi. Su tambaye ta abu biyu: abin da ya fi faranta mata rai a aikinta, da abu ɗaya da gari zai iya gyara mata cikin wata guda. Su kawo amsa a taro, a zaɓi wanda zai bi maganar, a kuma sa ranar da za a duba ko an yi. Ranar 5 ga Mayu ita ce ranar ungozomomi ta duniya, 12 ga Mayu kuma ranar ma'aikatan jinya. Ƙungiya tana iya zaɓen ɗaya daga cikinsu ta shirya ɗan taron godiya a ƙofar mai gari.